Kowane Ɗaki Kaset Guda

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan, amma ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

A shekarar da motocin Ikko suka sauya hannun tuƙi, daga hagu zuwa dama, muna zaune a Agege, gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, bayan layin dogo. Maigidana fataucin goro yake yi. Ni kuwa ni ce mai wankan jarirai. Duk wadda ta haihu a layinmu, ni ake miƙa wa ɗan.

Akwai abin da ba wanda ya sani sai ni da maigidana. A haihuwata ta fari, can Ajegunle, kaina ya juye. Wata huɗu ba barci, ba na iya duban ɗana, tsoron hannuna nake yi a kansa. Uwata na can Arewa, ba halin zuwa wankan gida. Allah ya ba ni lafiya, muka binne maganar. In ta fito, wa zai sake ba ni jariri?

Sai ga wata ma'aikaciyar jinya da rikoda a jaka. Bayarabiya ce, tashin Zariya, Hausarta tas. Sista muke ce mata. Ta tara mu a tsakar gida, ta ce suna bincike kan abin da ke samun hankalin mace bayan haihuwa, kuma daga bakin matan suke so su ji. Ba dole, ba a rubuta suna.

Hajiya, matar mai gidan, ta tafa hannu. "To Sista, sai ki shiga ɗakin masu abin, mu ma mu san su!"

Aka yi dariya. Ni ma na yi. A gidan haya ba sai an yi laɓe ba, ƙofa ake kallo. Wadda baƙuwa ta daɗe a ɗakinta, ita ce mai ciwon.

Sista ta bi ƙofofin nan da ido, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Hajiya, da naki zan fara. Kowane ɗaki zan shiga, kowane ɗaki kaset guda. Sai ya ƙare zan fito."

"Ni me zan gaya miki? Tara na haifa, ko ciwon kai!"

"Sai ki ba ni labarin taran."

Haka kuwa aka yi. Wata ta ce zancen tsadar kifi ta yi mata, wata ta ce barcinta ta sha. Sista na zaune cikin zafin kwano, ba ta motsawa sai rikoda ta ce ƙas.

Ranar da ta zo wurina, na ba ta ruwa, na jawo kwandon goro ina tsinta. Ba ta matsa mini in yi magana ba. Da kaset ya ƙare ta yi mini godiya kamar na ba ta wani abu.

Da ta sake bin ɗakunan, a zagaye na biyu, bakina ya buɗe. Ta ce, "Yaya, duk inda kika ce tsaya, na tsaya." Na yi ta faɗa. Sai ta tambaye ni abin da ba a taɓa tambayata ba: me na so a yi mini a lokacin? Na ce a zauna kusa da ni, a riƙe mini yaron, a daina ce mini in yi haƙuri.

Kaset ya ƙare ban kai rabi ba. Ta kashe, ta miƙo mini buta. "Wanke fuskarki, Yaya. Lokacin fitata ya yi. Sauran sai na dawo."

A bakin ƙofa Hajiya ta tare ta. "Me mai wanka ta ce?"

"Kaset guda ta ce, Hajiya, kamar naki."

Ta dawo kuwa. Ta sake bin ɗaki goma sha biyun nan kaf, zagaye na uku, ta sake sauraron tsadar kifi, don mace ɗaya ta ƙarasa maganarta.

Hajiya ta rasu tana ce da ni mai hannun albarka, Allah ya jiƙanta. Maigidana ya bi ta bayan shekara shida. Ni ban ajiye wanka ba sai da idona ya gaza. Ɗan nan nawa yana unguwar Ojo yana sayar da kayan wuta, har ya yi furfura. Sista kuwa an ce aure ya kai ta Badun, daga nan labarinta ya yanke mini. Ina sa ta a addu'a bayan kowace salla.