Koren Katin Shaida

A shekarun da bom ke tashi a gari, ni ne sakataren wata ƙaramar makaranta a unguwar Manawashi. Ba mai fita ba katin shaida, sai aka sa ni na tsara wa malamai nasu a kwamfutar ofis, da kore shar a sama.

Dattijon da ke buga mana takardu a unguwar Dawaki ya duba zanen, ya girgiza kai. "Malam, koren kwamfuta haske ne, injina kuwa tawada huɗu yake haɗawa. Bari mu juya launin zuwa na inji, mu ajiye gwaji ɗaya da za a riƙa bi."

Na ce ya buga kawai, ba zanen atamfa na kawo ba.

Bayan wata biyu aka ɗauki sabon malami. Na kai nasa wani shagon, koren ya fito da sirkin shuɗi. Ko a jikina.

Wata Alhamis muka taso tare da sabon malamin, muka iso shingen bincike muna tura babura. Soja ya jera katunanmu a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo.

"Makaranta ɗaya?"

Muka ce e.

"To, ɗaya jabu ne."

Malamin ya juyo ya dube ni. Ni na yi su duka biyun, amma sai na kau da kai. Sojan ya riƙe na malamin, ya miƙo mini nawa, ya ce in wuce.

Na wuce.