Durƙuson da ya ɓatar da ni a Funtuwa

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na gefen Maska, ni da gwaggona, za mu barkar haihuwa gidan yayata a Funtuwa. Ban taɓa zuwa ba, don ɗoki ko koko ban iya sha ba. Babur ya fitar da mu titi ta cikin gonakin masara da ta fara goyo, mota ta ƙarasa da mu.

A tasha masu adaidaita suka yanyame mu. Da gwaggo ta ji kuɗin, sai ta gyara lulluɓi ta ce, "Ƙafa ba ta shan fetur." Na ji daɗi, don a ƙasa aka fi kallo. Ga manyan motoci maƙare da buhuna. Ga shagon da ba a sayar da komai sai labule, kala-kala, iska na kaɗa su. Na ga mai gyaran waya yana share ta da burushin haƙori. Ƙamshin burodi mai zafi ya raka mu har kwana. Wajen tsallaka titi kuwa, jan akuya gwaggo ta yi mini.

Abu ɗaya ya dame ni. A garinmu ba a wuce babba sai an durƙusa, kuma Funtuwa cike take da manya. Haka na yi ta durƙusawa rumfa-rumfa, ina ruga in cim ma gwaggo. Yawancinsu ko kai ba su ɗaga ba. Sai wani tsoho mai goro ya amsa, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi gajiyar hanya. Ba a katse wa babba gaisuwa. Da na miƙe babu gwaggo, ni kuma ko sunan unguwar yayata ban sani ba.

Na shiga waige-waige. Tsohon ya nuna mini bencinsa. "Zauna, jikata. Wanda ya yar da kaya shi ke biyo sawu."

Can sai ga gwaggo tana haki. "Sarauniyar gaisuwa, ai kin yi suna. Duk wanda na tambaya sai ya ce, 'Yarinyar nan mai durƙuso? Ta yi can.' Har mai labule."

Mun ga jaririya, mun ci waina da miyar taushe, muka iso gida gab da magariba, gwiwoyina na ciwo. A hanya na yi ta tunanin mutanen nan. Ashe ɗan birni ko bai amsa gaisuwa ba, ya ajiye ta.