Kawu Ado da Cajin da Ya Ƙi Hawa

Duk wanda ya zauna a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya san Kawu Ado, yayan mahaifiyata, bai taɓa kai kaya wurin mai gyara ba. Rediyo ne, fanka ce, agogon bango ne, da zarar abu ya tsaya sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ɗauko sukudireba ya ce, "Ɗan Adam ne ya ƙera shi, ni kuma ba aljani ba ne." Rabin abin da ya kwance bai sake motsi ba, amma wa ya isa ya faɗa?

Da ya ajiye aikin tuƙi sai ya sayo wata tsohuwar bas 'yar Kwatano, irin mai gado da kicin a ciki, da farantan sola a kanta, wai zai zaga ƙasa da matarsa Inna Balaraba. Tana isowa ƙofar gida injin ya yi tari ya mutu, tantabarun Kawu suka mayar da rufinta majalisa. Amma sola da inbata, na'urar da ke ba da wuta daga batir, suna aiki, kuma ɗan firij ɗin ciki ya zama abin da ya fi komai daraja a gidan, don Inna na da ciwon suga, allurarta kuwa in ta sha zafi ta lalace. Wutar gari kuma kun san halinta.

Wata bazara, ina hutu a gidan, caji ya fara ja da baya. Lambar da inbata ke nunawa ta faɗo daga ashirin da wani abu zuwa biyar. Batir ba ya cika, kafin magariba firij ya yi shiru. Inna ta koma naɗe kwalbar allura a jiƙaƙƙen tsumma tana turawa gindin randa. Ranar da Kawu ya ga haka bai ci abinci ba. Ya ce, "Ko ni ko lambar nan."

Kan batir ya fara zargi. Ya jiƙa kanwa a ruwan zafi, ya dinga dirza. Na leƙa na ce, "Kawu, ai buroshin haƙorina ne!"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ke kina da asuwaki. Batir fa?"

Kan batir ya yi ƙal, lamba tana nan a biyar.

Sai maƙwabcinmu Baban Chidi, mai shagon kayan wuta a kasuwar Tarauni, ya duba ya ce, "Alhaji, ƙila waya ta yi siriri. Amma bari in hau sama tukuna."

"Kada ka firgita min tantabaru! Sama ta Allah ce, matsala a ƙasa take."

Waya kuwa ya ƙi saye. Ya yanko ta dutsen guga da ta tsohuwar fanka, ya kitsa su, wai da haɗin kai tsintsiya ke shara. Da ƙauri ya tashi har Inna ta fito da gudu ta zaci wakenta ne. Washegari ya lallaɓa wani shagon daban ya sayo mai kauri, ya ɓoyo ta cikin babbar riga. Ya ɗaura, lamba ba ta motsa ba. Wallahi murna ya yi! Ya ƙwala kira ta kan katanga, "Baban Chidi! Na faɗa maka ba waya ba ce!"

Daga nan ya ce motar ce ta juya wa rana baya. Ya taso dattawan majalisa su tura, ga tayoyi duk sun sace. Malam Isa limamin layi, yana haki, ya ce, "Ado, rana fa tafiya take. In ta koma yamma?"

"To da, ina za ku?"

Muna cikin haka aka yi ruwan farko. Da hantsi lamba ta yi tsalle ta koma ashirin. Kawu ya karkata hula ya zaga layi yana karɓar barka. Bayan 'yan kwanaki ta sake gangarowa. Inna, da ba ta tsoma baki ba tun farko, tana tankaɗe ta ce, "Malam, ba kai ka gyara ba, ruwa ne ya wanke kashin 'ya'yanka."

Kawu ya miƙe. Ya aro tsani ya hau. Farantan nan sun yi fari fat, kamar an yi musu fenti. Mutumin da ya ɓata da rabin layi a kan tantabarun nan, a ranar ya zuba su a kwando ya kai wa wani abokinsa a Darmanawa, idonsa jawur. Kafin adaidaita ta sauke shi a gida, suna kan mota suna jiransa.

Muka yi dariya har da hawaye. Shi kuwa ya dube su ya ce, "Kun ƙi tafiya, ni ma na ƙi."

Tun daga ranar, kullum in ya dawo daga masallaci da safe sai ya jingina tsani, ya hau da bokiti da tsumma, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa. Aka yi aka yi ya bar wa yara, ya ce ba su iya lungu ba. Allurar Inna ba ta sake kwana a gindin randa ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na sunkuya don in ji abin da yake faɗa, na ɗauka wasiyya ce. Ashe cewa yake, "An wanke sama?" Na ce an wanke, Kawu. Sannan ya lumshe ido.

Ina kewar rigimarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Kawu Ado, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba Inna haƙurin rashinsa. Amin.