Warin Fetur da Kaskon Ƙosaina

Ni dai ba mai son fita ba ce. Tunda aka kawo ni wannan gida na unguwar Nima, a bakin ƙofarmu nake suyar ƙosai da damun koko, taku kaɗan daga ɗakina. Ko Kasuwar Malam Atta sai wake ya ƙare ƙaf nake zuwa. A wannan ƙofar kuma maigidana yake ajiye tasinsa, don lungunmu ba shi da wani fili.

Wata shekara da zafi, motar ta fara warin fetur. Ba kullum ba, sai ta sha rana ta dawo. Maigida ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, gari ya waye, kwali a bushe.

"Kin gani? Ko ɗigo babu. Hancinki ne ya cika tsegumi."

"To hancin Hajiya fa?"

Hajiya ita ce mai gidan da muke haya, tsohuwa mai kirki, amma ba ta maimaita magana. Ta kira ni ta ce, "Ɗiyata, wuta da fetur ba za su zauna mini a ƙofa ɗaya ba. Mota ba ta da wurin zuwa. Ke ki kai kaskonki bakin titi." Gaskiyarta ce, akwai yara a gidan. Haka na koma bakin babbar kwata, cikin hayaniyar motocin da ke zuwa unguwar Madina, inda masu saye ba su san ni ba, ni ma ban san su ba. Ƙafafuna suka kumbura. Na ce a raina in abin ya daɗe, na bar sana'ar.

Akwai wani makaniki da suke sahu ɗaya da maigida a masallaci, garejinsa yana unguwar Kokomlemle, kowa Masta yake ce masa. Da ya ga ba na ƙofa, ya tambaya, aka gaya masa. Ran Lahadi sai ga shi da wani ƙaramin akwati kamar rediyo. Ya fara leƙa gaban direba, ya ɓare wata takardar addu'a da maigida ya manna a wurin. Ashe wata wutar gargaɗi ce ruwan ɗorawa take ci a ƙarƙashi.

"Alhaji, mota tana yi maka magana, ka toshe mata baki da addu'a?"

"Tana damun idona ne, Masta."

Ya sa aka kashe duk wani garwashi a tsakar gida. Sannan ya juyo wurina, don ya ga na fi kowa matsowa. Ya ce fetur yana tururi kamar tukunyar kokona. Ba a barin tururin ya fita, akwai siririn tiyo da yake kai shi cikin wani gwangwani cike da gawayi, gawayin ya riƙe shi har inji ya ja ya ƙone.

Na ce, "Gawayi? Irin nawa?"

"Ƙanin naki ne, Anti. Ya yi makaranta."

Ya ce tururi ba ya ɗiga a kwali, don haka sai an ba shi kala. Ya haɗa akwatin da batir, ya toshe wata kafa, ya tura farin hayaƙi marar wuta cikin tiyon. Muka kasa kunne. Ya duba murfin tanki, lafiya lau. Ya kwanta a ƙasa da tocila. Can sai na ji wani ɗan tsiii, siriri kamar na sauro, ta wajen tayar baya. Na nuna masa. Ya haska, ga hayaƙi yana fitowa kamar zare daga gefen gwangwanin.

Da ya ciro shi, ya girgiza, sai ga fetur yana zuba. Ya dubi maigida.

"Alhaji, kana jijjiga mota a gidan mai?"

Maigida ya yi dariya. Wane direban tasi ne ba ya yi? In famfon mai ya tsaya, sai a dafa mota a yi ta girgiza ta don ta ƙara karɓa, har mai ya leƙo baki. Wasu har dutse suke sa wa taya ɗaya don tanki ya karkata. Masta ya ce wannan ƙarin ba ya zama a tanki, gangarawa yake cikin gawayi ya jiƙa shi, har abin ya lalace ya tsage.

"In famfo ya ce ƙas, Alhaji, ka ce Alhamdulillahi ka tafi."

Washegari ya samo wani gwangwanin ya ɗaura, ya sake tura hayaƙi. Bai fita ta ko'ina ba. Na dama masa koko mai citta, ya sha a tsaye yana tsokanar maigida.

Hajiya ba ta yarda nan take ba. Ta jira ranar da rana ta ƙwalle, motar ta dawo da zafinta. Ta fito da sandarta, ta zagaya ta a hankali tana shinshinawa, har da sunkuyawa wajen tayar baya. Ni ina tsaye ina kallonta. Ta miƙe da ƙyar, ta ce, "Je ki ɗauko kaskonki. Koko daga titi kafin ya iso ni ya huce."

Har yau in Masta ya wuce zuwa masallaci, addu'a nake bin sa da ita. Allah ya ba shi lafiyar baya, mutumin da yake kwanciya a ƙasa saboda wasu.