Ƙudajen da Orrin ya bari

A ɗakin bincikenmu na Wisconsin, Marjorie Tesch ce mai kiwon ƙudaje, ƙananan nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Ta tsufa tana dama musu kunun masara, tana juye su daga tsohuwar kwalba zuwa sabuwa. Ƙuda ba ya ajiyuwa a firiza. Ranar da aka daina juye shi, zuri'arsa ta ƙare.

Mijinta Orrin shi ya samar da wata zuri'a mai fararen idanu wadda ba ta jin ƙamshi. Namijin ƙuda idan ya sadu da mace yakan bar mata wani ƙamshi, sauran maza su ji su kama gabansu. Na Orrin kuwa ko oho, matar kowa nema suke. Marjorie takan ce ya ƙero marasa kunya irinsa, ya ce ai da hancinsa na aiki da ya ji ƙamshin masifa tun ranar ɗaurin aure.

Da ya rasu, ta hana kowa taɓa kwalabensa. Ba su haihu ba, ƙudajen nan su ne abin da ya bar mata. Sai dai a sana'armu juyewa ba ta isa. Dole lokaci lokaci ka sumar da su, ka duba idanunsu a madubin bincike, don ka gane ko baƙon ƙuda mai jajayen idanu ya faɗa ciki. Madubin yana kan teburin Orrin, ita kuma ta kasa zama a kujerarsa. Na lura ta daina duba su. Har murna take wai yaran suna ta yaɗuwa, ta ɗebi wasu ta ƙara a kwalba ta biyu, wadda ake ajiyewa ko ta farko za ta lalace.

Wata safiya ta kira ni.

"'Yar'uwa, zo ki gani. Sun koyi kunya."

Mazan suna isa kusa da matan da aka riga aka sadu da su, su juya. Na sumar da su na duba: jajayen idanu, kwalba biyun duka. Baƙo ya daɗe da shiga, jikokinsa sun cinye gidan. Wallahi ji na yi kamar ranar aka binne Orrin.

Na ce bari in zubar mata da su. Ta riƙe hannuna.

"Bar su zuwa gobe," in ji ta. "Ban san ranar da ƙudansa na ƙarshe ya mutu ba, Lorna. Ina tsaye a nan, ina ba su abinci."