Ranar da Iya Ta Ci Tsere

Juma'ar farko bayan babbar sallah, a shekarar nan da sabulu da madarar gwangwani suka koma sai an bi layi, la'asar ta same ni tsaye a kan kwalta ba takalmi, na dafa bayan motar Babanmu da hannu biyu. A cikin bodin motar akwai turmi biyu, da randar gidanmu cike da ruwa, da mataccen keken ɗinki, da kuma dutsen niƙan kakata Iya, wanda Baba ya sa muka ɗauko a ɓoye tana barcin rana. Ina cikin roƙon Allah ya ƙara mata nauyin barci, sai na hango karan dawa yana darewa gida biyu. Na san ba saniya ba ce, don saniya ba ta tafe tana faɗa. Iya ce, da sandarta.

Sai na ɗan koma baya kafin a gane abin da ya kai dutsen niƙa cikin mota. A bayan garinmu, can yamma da Getso, akwai wani titi da bai fito daga ko'ina ba, bai kuma je ko'ina ba. Wani ɗan kwangila ne ya fara shi zai haɗa mu da babbar hanyar Gwarzo. Ya shimfiɗa kwalta daga kan tudu har kusa da wata tsamiya, sai gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, shi kuwa ya tsuke nasa ya tafi, ya bar mana katafila guda tana tsatsa. Mata suka samu wurin shanya barkono da kuɓewa, mu yara muka samu wurin gara taya. Gangara muke ce wa wurin, don in ka saki taya daga sama ba za ka sake kama ta ba sai a gonar gyaɗa.

A lokacin akori-kura huɗu ce a garin, kuma direbobinsu kullum cikin rigima suke a kan lodin farko. Mai ya yi wuya, fasinja ya yi wuya. Wanda ya fara lodi ranar kasuwar Getso ko Kabo shi ne ke cika mota har saman bodi, na ƙarshe kuwa sai ya wuni yana korar ƙuda. Da aka kai ga fasa wa wani baki, sai sarkin tasha, Malam Hudu, ya yanke hukunci: bayan kowace sallah a je Gangara a yi tsere, wanda ya ci shi ke da lodin farko har wata sallar. Direbobi suka ce to da wane man? Ya ce, “Wa ya ce muku za a tayar da mota?” Haka aka yi tseren da ban taɓa jin irinsa a wani gari ba. Direba zai zauna a mota ba a kunna ta ba, ya sa giya a firi, a busa usur, yara su tura ta zuwa bakin gangara su saki. Wadda ta fi nisa kafin ta tsaya ita ta ci. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai kukan ƙarafa da ihun jama'a.

Ba a daɗe ba aka gane cewa motar da ta fi nauyi ita ta fi gudu, sai kowa ya shiga jibgar kaya. Malam Hudu ya ƙara doka ɗaya: duk abin da za ka ɗora, daga gidanka zai fito, ba aro. Nan ne fa aka bar mu a baya. Alhaji Ɗanlami, mai sabuwar mota, buhunan gero yake jerawa har sai tayoyi sun durƙusa. Mu kuwa rumbunmu in ka yi magana a ciki sai ya amsa maka. Ga motar tamu tsohuwa, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, madubinta ya daɗe da komawa ɗakin Umma, a goshinta an rubuta “Sannu ba ta hana zuwa”, yaran gari kuma su ƙarasa mana da “sai dai a daɗe ba a je ba”. Tun da aka fara tseren Baba bai taɓa wuce na ƙarshe ba.

Dariya ce ga mutanen gari, mu a gidanmu ba dariya ba ce. Ana gobe sallah na ji Baba yana faɗa wa Umma a bakin murhu cewa in wannan karon ma ya faɗi, zai sayar da motar ya tafi Legas gadi, kamar yadda abokinsa ya yi, wanda ya tafi tun ina rarrafe kuma har lokacin sai dai saƙon gaisuwa. Umma ta dai ci gaba da hura wutar da ta riga ta kama. Ni kuwa naman sallar nan ko ɗanɗanonsa ban ji ba. Ina son Babana, kuma ba na son ya tafi, iyakar abin da na sani ke nan.

Iya ita ce mahaifiyar Baba, kuma ba ta da abokin gaba a duniya kamar motar nan. Asalinmu masu shanu ne, kuma ragowar shanunta aka sayar aka sayo ta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga ba, kasuwa ma a ƙafa take zuwa. “Akwalar da ta cinye min shanu,” haka take kiranta, in ta wuce ta kusa da ita har tsaki take ja. Ga ta mace ce da Allah ya yi wa jiki, tubarkalla, in ta zauna a tabarma ba mai cewa matsa. Ni take kira mijinta, irin wasan kaka da jika, amma kullum sai ta ce sakina za ta yi don ba na kawo cefane.

To, mu dawo Gangara. Motoci uku sun riga sun gangara. Ta Alhaji Ɗanlami ta wuce kwalbati, ta tsaya saura ƙiris ta kai tsamiya, inda ba motar da ta taɓa kaiwa. An kafa kara a wurin, makaɗa suna ta wasa shi. Baba yana zaune a sitiyari yana kallon gaba kamar mai jiran hukuncin alƙali. Malam Hudu yana gaban mota da usur a baki. Ba wanda ya ga isowar Iya sai mu 'yan turi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Mijin banza, da kai aka haɗa baki? Kama ni in hau in sauke abina.” Wa ya isa ya ce a'a? Muka taru muka tallafa, da ƙyar da jiɓin goshi ta haye, motar ta yi wani nishi ta zauna. Ta sunkuya ke nan za ta jawo dutsen, sai usur ya tashi.

Mu kuwa an hore mu, da jin usur sai turi, ko sunanka aka kira ba ka juyawa. Na buɗe baki na yi ihu, kiɗa ya danne, ƙafafuna kuma suka yi abin da suka saba. Kafin a ce kwabo mota ta kama gangara. Iya ta yi zaman daɓas a kan dutsen niƙa, ta rungume turmi, mayafi ya tashi sama. Randa ta shiga yi mata wanka. Salati kuwa tun daga kan tudu ake jinsa har gonar gyaɗa, tana yi tana haɗawa da tsine wa ɗan kwangila da wanda ya ƙera mota. Wuri ya kaure da ihu. Muka bi bayanta a guje, ina kuka ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba.

Baba ya ce da farko ya ɗauka alhakinta ne ya biyo shi tun daga gida, har yake jin muryarta. Da ya waiga ya ga mutum, sai ya kai ƙafa kan birki. Birkin motar nan sai an lallashe shi kafin ya kama, to yana cikin lallashin ne Iya ta kai wa rufin mota duka da sanda.

“Sale! Kar ka taka! In ka taka birkin nan ban yafe ba!”

Ya janye ƙafa. Wace ƙafa ce za ta taka bayan wannan? Mota ta wuce kwalbati kamar an jefa ta, ta take karan Alhaji Ɗanlami, ta sauka daga kwalta, ta bi jar ƙasa tana rangaji, tana rage gudu, tana rage gudu, har ta je ta dunguri gindin tsamiya a hankali, kamar akuya ta gai da uwarta.

Alhaji Ɗanlami ya zo yana kumfar baki, ya ce mutum ba kaya ba ne, a sake. Malam Hudu ya cire hula ya sosa kai, ya ce, “Alhaji, tambaya ɗaya zan yi. Daga gidansa ta fito, ko aro ya yi?” Shi ke nan, magana ta ƙare. Aka sauko da Iya jiƙe sharkaf, Baba ya durƙusa yana ba ta haƙuri, ta maka masa sanda a kafaɗa ta ce a mayar mata da dutsenta inda aka ɗauko shi. Har ta bar duniya ba ta yarda cewa don shi ta hana taka birki ba. Cewa take tsoro ta ji kar motar ta tsaya da ƙarfi ta kife da ita. Amma Umma ta faɗa min daga baya cewa ranar jajibirin nan Iya tana bayan danga tana tsince wake, ta ji maganar Legas tsaf.

Baba bai je Legas ba. Kakar nan ya yi lodin farko har ya gyara ƙofa, ya sayo madubi. Tun daga ranar kuma tsofaffin garinmu suka yi daraja. In sallah ta matso sai ka ga direba yana kai wa gwaggonsa tsire, yana tambayar lafiyar ƙafarta. Alhaji Ɗanlami ne abin tausayi, don mahaifiyarsa siririya ce kamar sillen kara, ya ɗora ta ma motar ba ta san an yi ba. Iya kuwa ta zama sai an roƙa. Sai an shimfiɗa mata buzu, an kawo goro fari, sannan ta hau tana mita, tana cewa ba don halin akwalar ba.

Abin da ya yi farko zai yi ƙarshe. Labari ya bazu, 'yan kallo suka riƙa zuwa daga Sabon Birni da Gammo, masu caca suka biyo su suna sa kuɗi a kan motoci. Samari masu babur suka shigo da nasu tseren, na mai da hayaƙi, har wani ya karye. Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, liman da dattawan gari suka zauna suka ce a rufe, saboda caca da cakuɗuwar maza da mata. Baba yana cikin waɗanda suka ce haka ya dace, lokacin Iya ta riga ta rasu, shi ma zuciyarsa ta fita daga abin. Aka gicciya kututturen dabino a kan tudu. Ban ce sun yi kuskure ba, amma na ji zafi, kuma har yau ina ji.

Bara na je gida sallah. Baba ya tsufa, ɓarin jikinsa ya shanye, a keken marasa lafiya ake tura shi. Da la'asar ya ce in kai shi shan iska, na san inda yake nufi. Gangara tana nan, amma sai wanda ya san ta. Gonaki sun cinye ta ta gefe da gefe, ciyawa ta fasa kwaltar, an yanka filaye a kan tudun, katafilar ma 'yan gwangwan sun sare ta sun tafi da ita. Yaran da muka tarar suna kiwo ba su san an taɓa yin komai a wurin ba. Tsamiyar ce kawai ba ta canza ba.

Muka tsaya a inda ragowar kwaltar ta fara. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, da bakinsa da ya karkace, “Tura ni, ka saki.” Na ce, “Baba, Umma za ta kashe ni.” Ya ce, “Wa zai faɗa mata?” Na duba hagu na duba dama, ni da furfurata, na tura shi, na saki, ina biye da shi hannuna a kusa. Keken ya gangara yana tsalle a kan tsagogin kwalta, Baba yana ƙyalƙyala dariyar da na manta yana da ita. Bai yi nisa ba, ko kwalbati ba mu hango ba, taya ta shiga yashi ta tsaya.

Ya ɗaga kai ya dubi tsamiya can nesa, ya goge ido da hannunsa mai lafiya.

“Nauyi ne babu,” in ji shi. “Da Iya na nan da mun kai.”

Na juya keken na fara tura shi sama. Sai a ranar na san hawan Gangara yana da tsawo haka.