Saƙon tallafin korona da ya ci kuɗin idon maigidana

Shekarun baya, lokacin korona, ɗinki ya tsaya mana cak a Malanville. An rufe gadar iyaka, mutanen Gaya ta Nijar ba sa ƙetarowa, babu biki babu suna. Sai aka ce gwamnati za ta tallafa wa masu sana'ar hannu, muka je meri, ofishin magajin gari, aka rubuta mu. Ni ne sakataren ƙungiyar teloli, don kawai na ɗan taɓa lakwal, wato boko, kuma ina da imel, abin da nake ji da shi sosai a lokacin.

Wata safiya saƙo ya shigo mini, da tutar ƙasa a samansa, da Faransanci mai tsabta. Wai sunana ya fito, in cike takarda kafin kwana biyu. Na danna. Suka nemi hoton katina na shaida, da lambar waya, da lambar sirrin asusun kuɗin wayar, wai don tabbatarwa. Na ba su duka. Asusuna ko dala ashirin ta sefa babu, don haka ban ga an taɓa komai ba, sai na ɗauka lafiya. Har na bi shaguna ina ba da labari.

Bayan azahar maigidana, tsohon da ya koya mini ɗinki, ya zo da wayarsa a leda. Yanar ido ta kama shi, ya daɗe yana tara kuɗin aiki a cikin wayar.

"Ɗana, an ce kai ka san hanyar abin nan. Cika mini."

Da na zo kan lambar sirri ya ɗan yi jim. "Har da ita?"

"Baba, haka tsarin yake," na ce, kamar ni na tsara shi.

Kafin la'asar jika tamanin na sefa sun fita daga asusunsa. Muka je wajen jandarma, wanda ya saurare mu ya rubuta, ya ce ba mu ne na farko ba a satin. Kuɗin ba su dawo ba.

A hanya na soma ba shi haƙuri, ya katse ni. "Ni na kawo wayar da ƙafata. Bar zancen."

Bai sake tayar da maganar ba. Ni dai na koma shagonsa da yamma-yamma, ina zura masa zare ina kama masa aikin da idonsa ya daina gani. Sai da shekara ta zagayo, 'yan ƙungiya suka haɗa hannu, aka kai shi asibiti a Parakou aka yi aikin.

Tallafin gaskiya ya zo daga baya, ɗan gajeren saƙo a waya, ba tuta, ba a tambayi kowa komai ba. Na goge shi nan take, na hana mutane taɓawa. Sai da matata ta je cire kuɗin cefane mai shagon ya ce mata akwai ƙari a asusuna.

Yanzu abin ba ya yi mini zafi. Abin da ya rage mini shi ne, tsohon ya yi shakka a daidai wurin da ya kamata, ni mai karatu na kawar masa da ita. Tun daga nan, in aka miƙo mini waya aka ce in duba, na koyi in ce ban sani ba.